Kwabban da Hayaƙin Ɗakina Ya Rina

Aikina shi ne duba tsofaffin kwabbai na jan ƙarfe in faɗi matsayinsu. Idan na gaya wa mata haka a wurin suna ko biki, sai wata ta ce, "Au, wato canji kike yi?" Ba canji ba ne. Kuɗin da nake dubawa sun daɗe da daina sayen ko ashana. Akwai mutane a Jidda da wajenta masu tara su don sha'awa, suna jera su a littafi mai aljihunan roba, kuma kafin su saya suna so wani ya gaya musu gaskiyar lafiyar kowane ɗaya. Ni ce nake gaya musu, shekara goma sha huɗu ke nan, ko da yake babu ɗayansu da ya taɓa ganin fuskata ko ya san cewa mace ce.

Umra ce ta kawo mu ƙasar nan ni da mijina, muka zauna kamar yadda mutane da yawa suka zauna. A unguwar Karantina muka kama ɗaki, a nan na haifi 'yata, ita kaɗai Allah Ya bar mini. Tana shekara biyar mahaifinta ya rasu. Sai na shiga aikin gida wurin wani dattijo mai shagon kayan da a bayan Bab Makka. Kakanninsa Hausawa ne da suka zo hajji a ƙafa, shi kuwa haifaffen Jidda ne, ɗan ƙasa da takardunsa, Hausarsa duk ta cakuɗe da Larabci. Baba muke ce masa.

Wata rana ina shara a falo, yana zaune da wani kwabo a hannu yana ta juya shi ƙarƙashin ɗan gilashin nan mai ƙara girma da suke kira adasa. Idonsa ya fara rauni a lokacin. Na zo wucewa haske ya bugi kwabon, bakina ya riga ni, na ce, "Baba, wannan ai da toka aka goge shi."

Ya ɗago. "Esh? Wa ya gaya miki?"

Na ce ba wanda ya gaya mini, tukunya nake gogewa tun ina yarinya. Toka tana barin ƙananan layuka masu zagaye, duk gefe guda, yadda hannun mai gugar ya bi. Yashi kuma nasa sun fi kauri. Ya miƙo mini wasu guda biyar ya ce in ware waɗanda aka taɓa. Na ware biyu. Ya daɗe yana kallona, sannan ya ce, "Ajiye tsintsiyar nan, ya binti. Je ki wanke hannunki ki busar da shi sosai."

Haka na fara. Ya koya mini riƙe kwabo ta gefe da safar hannu, kada yatsa ya taɓa fuskarsa. Ya koya mini inda lalacewa take farawa, wato wurin da ya fi tudu. A kuɗin zamanin Turkawa akwai hatimin sarki mai kama da zaren da ya cukurkuɗe, to saman lanƙwasar nan shi ke fara shafewa. Daga nan sai in duba shekarar da ke ƙasa, sai baki ko ya taɓa faɗuwa ya lotsa, sai in nemi koren tsatsa a tsakanin haruffa. Matsayi huɗu ne a wurin Baba. Mumtaz shi ne wanda komai nasa ke tsaye kamar jiya aka buga. Sai jayyid jiddan, sai jayyid, sai maƙbul, wanda da ƙyar ake karanta shi. Akwai kuma kalma ta biyar wadda ba matsayi ba ce, gargaɗi ce: munazzaf, wato an wanke shi. Ko kwabo ya kai mumtaz, in aka rubuta masa wannan kalma, darajarsa ta zube.

Na yi mamakin wannan da farko, don a garinmu abin da ke ƙyalli shi ne mai kyau. Baba ya ce, "Jan ƙarfe fata yake yi, ya binti. Shekara ɗari yana yin ta a hankali, sai mace ɗaya da lemun tsami ta cire ta kafin shayi ya tafasa. Masu tarawa fatar nan suke saya."

Kowane kwabo ana sa shi a ɗan farin kwali mai taga ta leda, a rubuta matsayinsa a kusurwa. Boko na koya a garinmu a ajin yaƙi da jahilci na matan aure, haruffan Larabci kuma a allo, saboda haka hannuna ya san alƙalami amma ba ya sauri. Baba ya rubuta mini kalmomin nan biyar a takarda, na yi ta kwafa har suka zauna. Rubutuna manya ne, sun ɗan karkata hagu. A hankali masu saye suka gane shi. In sun zo shago sai su ce a ba su masu katin mai karkataccen rubutu. Baba ya ji daɗi ƙwarai. Shi ya shiga ya fita har ya sama mana iƙama, wato takardar zama, ni da 'yata a ƙarƙashin shagonsa, ya zama kafilinmu, ya ce in riƙa aikin a ɗakina don in kula da yarinya.

Da Baba ya rasu, shago da kafalarmu duk suka koma hannun ɗansa. Na san shi tun yana makaranta, ni nake wanke masa fararen riguna. Khala yake ce mini, wato inna, ni kuma tun da ya gaji shago na koma ce masa Alhaji. Ba a daɗe ba aka rushe Karantina. Muka kwashe abin da za mu iya ɗauka muka koma unguwar Kurayyat, ɗaki guda a hawa na uku. Tagarsa ɗaya ce, an toshe ta da mukayyif mai sanyaya ɗaki, ko an cire shi ma bango ne a gabanta. Maƙwabtanmu maza ne ma'aikata, saboda haka ƙofa kullum a rufe. Da fitila nake duba kwabbai ko da tsakar rana.

A Karantina ina da ɗan tsakar gida. Kullum bayan la'asar nakan zuba garwashi a kasko in sa turaren wuta, iska ta ɗauki rabi ta kai wa maƙwabta. Ni nake haɗa abina, wata maƙwabciyata Bahaushiyar Sudan ce ta koya mini: itacen sandal, ɗan sukari, da farce, ɓawon nan na teku da ake jiƙawa a soya a daka. Da muka koma Kurayyat ban fasa ba. Ɗakin da muke dafa abinci, mu yi shanya, mu kwana a ciki, in ba turare yaya za a yi? Sai dai a nan hayaƙin ba shi da wurin zuwa. Yakan taru a sama ya tsaya har magariba. Baba ya hana ni sa wa kwabo ruwa, ya hana ni lemun tsami da hannu tsirara, amma bai taɓa ce mini komai a kan hayaƙi ba. Ina jin bai taɓa zuwa masa a rai ba.

A watannin farko Alhaji ya aiko mini da wani faranti na kwabbai. Wani ne ya gada wurin kakansa, matarsa kuma ta zauna ta goge su duka har suna ƙyalli kamar sabuwar buta. Na duba, na ce a gaya masa duka munazzaf ne, bai ma kamata a ɓata kwali a kansu ba. Na ɗora farantin a kan kabad ban rufe ba, tunda na ga ba abin da ya rage da zai lalace. Ba wanda ya neme su, ni ma na manta.

Bayan kamar wata uku ya zo karɓar wani aiki, ya tsaya a bakin ƙofa kamar yadda ya saba, 'yata tana zuba masa shayi.

"Khala, ina farantin nan na banza? Na samu mai yin sarƙa zai kwashe a kilo."

Na taka kujera na sauko da shi. Ƙyallin nan duk ya tafi, sun yi wani launi mai duhu mai taushi kamar cikakken dabino. Na fara ba shi haƙuri, na ce hayaƙin turare ne, laifina ne da ban rufe ba.

Bai ma ji ni ba. Ya ɗauki ɗaya ta gefe ya kai kusa da fitila, ya ɗauki wani, ya shinshina. "Wallahi? Su ne waɗannan? Ya Khala, ya Khala! Turaren me kike sawa haka?"

"Na gida ne, Alhaji."

"Ƙamshin yana fita?"

Na ce in an shanya su kwana biyu zai fita. Da na sani da ban faɗa ba, amma tambaya aka yi mini na amsa. Ya ce in duba da adasa in gaya masa ko ana ganin gugar. Na duba. Layukan suna nan, sai dai hayaƙin ya cike su, sai wanda ya san inda zai karkata kwabon ga haske ne zai gani. Na gaya masa haka. Ya yi dariya ya ce, "Mutum nawa ne a Jidda suka goge tukunya kamar ke?" Ya tafi bai ɗauki farantin ba.

Sati na zagayowa ya dawo da ƙaramin buhu cike da gogaggun kwabbai, da leda guda ta sandal mai tsada. Ya ce sandal ɗin hadiyya ce. Ya zauna a kan kujerar da ke bakin ƙofa, abin da bai saba yi ba.

"Ki jera su a can sama kawai, ki ci gaba da turarenki. Ba ki yi komai ba, ɗakinki ne."

"In sun yi launi fa?"

"Sai ki duba ki rubuta matsayi. Mumtaz mumtaz ne, jayyid jayyid ne. Ban ce ki ƙara wa kowa ba."

"Kalma ta biyar fa, Alhaji?"

Ya kalli wayarsa. Ya ce kasuwa ba ta motsi tun da aka watse unguwanni. Ya ce iƙamarmu ni da yarinya saura wata biyu ta ƙare, ko ba haka ba? Shi ba ya so a ce ɗan Baba ya saki amanar Baba, amma mutum biyu a wuyan ƙaramin shago ba wasa ba ne. "Ki taimake ni in taimake ki, Khala. Halas, magana ta ƙare."

Bai ɗaga murya ba, ni ma ban ɗaga ba. Na ce Allah Ya kiyaye hanya.

'Yata tana da shekara goma sha tara a lokacin. A Jidda ta buɗe ido, ba ta taɓa taka Najeriya ba. Tana jin Hausa sarai, amma in za ta amsa rabi Larabci ne. In iƙama ta mutu aka kama ta, can za a kai ta, garin da iyayena sun rasu, ɗan'uwana ɗaya da ya rage ko muryarta bai sani ba. Ni zan iya komawa in ci tuwon da na saba. Ita fa?

Ta ji duk abin da ya faɗa. Da ya sauka ta tsaya tana kallon buhun, ta ce, "Ummi, yanzu kwabbai za ki riƙa yi wa duhhan, wankan hayaƙi, kamar amaren Sudan? Sai a kira masu kiɗa."

Na ce, "Ke 'yar nan, ba abin dariya ba ne."

"Na sani." Ta zauna kusa da ni. "Kada ki yi don ni. Wallahi in kika yi don ni, ana ma asamih nafsi, ba zan yafe wa kaina ba."

"To don wa zan yi? Don mukayyif?"

Ta yi dariya, sai kuma ta fara kuka. Na bar ta ta gama. Washegari na sayo matankaɗin waya guda biyu na jera kwabban a kai.

Abin da ya fi ba ni kunya in na tuna shi ne na iya aikin. Ban yi shi da ƙyuya ba. Na gane cewa in sukari ya yi yawa launin yakan yi baƙi ya yi danƙo, in farce ya ɗan fi yawa yakan ba da ja-ja mai kyau. Na gane a juya su duk kwana uku, kuma na gefen matankaɗi sun fi na tsakiya saurin kamawa. Hannun da Baba ya koya wa gano ɓarna shi ne ya ƙware a rufe ta. Da suka yi, na zauna da alƙalami. Ban ƙara wa ko ɗaya matsayi ba, na jayyid na rubuta masa jayyid. Kalma ɗaya ce kawai ban rubuta ba. Ina ta gaya wa kaina haka har na gama farantin, kuma ko a lokacin na san wannan kalmar ita ce dukan aikin.

Aka sabunta mana iƙama ta shekara guda. Buhu na biyu ya zo, na uku ya biyo.

A cikin shekarar nan 'yata ta fara zuwa wani mashagal, shagon ɗinkin mata, tana koyon aikin dutse a kan riguna. Mai wurin ta yaba da hannunta har ta ce za ta ɗauke ta aiki sosai ta mayar da kafalar yarinyar hannunta. Abu ɗaya ya rage, sai kafilinmu ya yarda ya sake ta. Na roƙi Alhaji sau uku. Kullum amsarsa sai gobe, "Bukra inshallah, Khala, ina sane." Na gane ba mantuwa ba ce. Muddin yarinyar tana hannunsa, matankaɗina ba zai sauko daga kan kabad ba.

Saura sati shida iƙama ta sake ƙarewa sai ya zo da wani akwatin katako. Ya ce na wani tsohon malamin makaranta ne, zai koma wurin ɗansa a Madina, yana so ya sayar da duk abin da ya tara. Na san mutumin. Abokin shan shayin Baba ne, duk Alhamis yakan zo gida, ni nake ajiye musu tire a bakin falo. Ban san fuskarsa sosai ba, amma na san takalmansa da irin tarinsa.

Da na buɗe akwatin sai na ga rubutuna tun daga farko. Ga katunan shekarar da na fara, haruffa suna rawa, ga na tsakiya. Duk abin da ya saya a shagon nan ya bar shi a kwalinsa, bai canza ko ɗaya ba. A layin ƙarshe kuma ga guda goma sha ɗaya masu launin dabino. Ban buƙaci adasa ba.

Alhaji ya ce, "Ki sake duba su duka, kowanne sabon kati, da shi zan yi masa farashi. Waɗancan na ƙarshen kin san abin da za ki rubuta."

"Me zan rubuta?"

"Gaskiya mana. Ba ke ce mai son kalma ta biyar ba? Ga ranarta ta zo. Munazzaf."

Na ce, "Alhaji, daga ɗakin nan suka fita babu kalmar nan. Ka karɓe su yadda ka ba shi su."

"Haba Khala, shago ne ko gidan sadaka? Mutum ya saya da idonsa."

"Da idona ya saya, Alhaji."

Ya miƙe ya gyara rigarsa. Ya ce malamin zai dawo shago ranar Asabar, kuma shi ma yana da takardun da zai duba kafin wata ya ƙare.

Kwana huɗu akwatin yana gabana. Na gama sauran duka, ban samu abin canzawa ba, abin da na rubuta shekara goma da suka wuce shi na sake rubutawa. Goma sha ɗayan nan na jera su a kan farin ƙyalle ina kallo. In na rubuta munazzaf gaskiya na faɗa, amma da ita za a cuci dattijon karo na biyu. In na ƙi rubutawa na maimaita ƙaryar farko, Alhaji kuma ba zai karɓa ba. Na juya abin ta kowane gefe kamar yadda nake juya kwabo, ban ga gefen da ba tabo ba. A rana ta uku ne na lura da wani abu da ban taɓa tsayawa na duba ba. Alhaji zai iya rubuta katin nan da kansa, kalma ɗaya ce. Bai rubuta ba don malamin ba zai yarda da kowane hannu ba sai nawa.

Ranar Juma'a da hantsi na sa 'yata ta kira shi. Na ce mata ta zauna, kada ta sa baki. Ya zo yana sauri, ya ce yalla, yana so ya wuce aski kafin masallaci.

Na ce, "Zan rubuta."

"Barakallah. Na san ki da hankali."

"Amma ka saki yarinyar nan tukuna. Yau, a gabana."

Ya buɗe baki yana kallona. "Ciniki kike yi da ni, Khala? Ke da kika wanke mini rigunan makaranta?"

"Ni na wanke su. Har alawar da kake ɓoyewa a aljihu ban taɓa gaya wa Baba ba. Ban taɓa roƙonka komai ba sai wannan."

"In na ƙi fa?"

Na ce in ya ƙi, ga akwati ga alƙalami, ya rubuta da hannunsa ya kai wa malam. Mu kuma abin da Allah Ya rubuta mana shi za mu gani.

Ya kalli 'yata, ta sunkuyar da kai. Ya kalli matankaɗan da ke kan kabad, cike suke. Ya yi tsaki ya ciro waya. Ya daɗe yana danne-danne yana gunaguni da Larabci, wai mutum ya yi alheri a mayar da shi azzalumi. Can wayar 'yata ta yi ƙara. Ta duba, ta miƙo mini, ta ce saƙon sakinta ne ya shigo. Ban iya karanta ƙananan haruffan ba, na ce ta karanta mini sau biyu.

Sai ya ce, "Taki iƙamar kuma, Khala, daga yanzu wata uku-uku zan riƙa sabuntawa. Don mu riƙa ganin juna."

Na ce to. Na jawo fitila, na sa safar hannu. Ɗaya bayan ɗaya na ciro su daga tsofaffin kwalayen na sa a sababbi, na rubuta matsayi, na rubuta munazzaf a ƙasa. Sau goma sha ɗaya. Ya tattara tsofaffin katunan ya zuba a aljihu ya fita.

Bayan sati biyu da ya kawo sabon buhu, ni ce na tambaye shi yadda suka ƙare da malam. Ya ce lafiya lau. Wai dattijon ya daɗe yana duba katunan, ya ce ai hannu ɗaya ne ya rubuta na da da na yanzu, yaya aka yi? Shi kuma ya ce masa mai duban ya tsufa, bara idonsa ya yi rauni wasu suka wuce masa, bana ya yi gilashi. Malam ya ce Allah Sarki, shekara goma sha huɗu mutum yana ƙura wa jan ƙarfe ido, dole ne. Ya karɓi abin da aka ba shi bai yi musu ba.

Alhaji ya laluba aljihu ya ajiye wata 'yar ƙaramar kwalba a kan buhun. "Ya ce a ba mai duba. Kwalli ne na Madina, ɗansa ya kawo masa. Wai yana ƙara gani, kuma yana gaishe shi, ya gode da amanar shekaru." Bai kalle ni ba da yake faɗa. Ya sauka da sauri.

Yanzu 'yata tana fita ƙarfe takwas. Sunan mai mashagal ne a katin iƙamarta, in aka tsayar da ita a hanya tana da abin nunawa wanda bai rataya a kan kabad ɗina ba. Takan ce in jira, in ta yi ƙarfi za ta nema mini hanya. Nakan ce to. Mace mai shekaruna wadda sana'arta duban kwabo ce, ban san wanda zai ɗauke ta ba in ba shagon nan ba, amma ba na gaya mata.

Rannan tana shiri ta ga kwalbar a kan taga, har yanzu da ledarta. Ta ɗauka ta ce, "Ummi, kwalli ne? Tun yaushe kike ɓoye mini? Bari in sa kaɗan."

Na ce ta ajiye, ba nata ba ne.

"To na wa? Ke ma ba kya sawa."

"Na wani ne da ake zaton idonsa ba ya gani. Yalla, je ki, motar za ta tafi ta bar ki."

Ta ajiye, ta sumbaci goshina, ta ja abayarta ta sauka. Na saurari takunta har ƙasa, sannan na murɗa makulli. Saura kwana arba'in da ɗaya a wata ukun da nake ciki, kuma na gefen matankaɗi sun isa juyi.